Kunun Gayyar Gidanmu

Shekara biyu da ba mu jiha na samu aikin farko a rayuwata, kuma aikin yawo ne. Lokacin Gusau ta cika da sababbin ofisoshi, duk gidan haya mai ɗan fenti sai ka ga an kafa masa allo a ƙofa. Na gama makarantar koyon aikin lafiya, ina zaune gidan ƙanwar Innata, ina cin tuwon mutane ina musu da 'ya'yansu, sai aka ce wata ƙungiya mai bincike kan lafiyar jama'a tana neman masu zagayawa da takardar tambayoyi na wata uku. Na je aka ɗauke ni. Ina jin bakina ne ya samo mini aikin, don Hajiyar da ke shugabantarmu cewa ta yi tana son wadda ba ta tsoron kaki.

Aikin shi ne mu bi ofisoshin jami'an tsaro, 'yan sanda da masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi har da 'yan banga, mu tambaye su wane abin maye ne ya fi addabar yankinsu, su wa ke sha, ta ina yake shigowa. Takardar shafi huɗu ce, an jera sunaye kowane da ɗan akwati a gabansa: hodar iblis, tabar wiwi, sholisho, da wasu da ko a makaranta ban taɓa jin sunansu ba. Aka ba ni Gusau da Tsafe da Bungudu. Da na ji Bungudu har guɗa na yi a raina, don ƙauyenmu gaba kaɗan yake da Karakkai. Ga aiki ga ganin gida.

Sati biyu na yi a cikin Gusau ina zaman benci. Kai, na zauna benci a rayuwata! Ka je da safe a ce Oga ya fita, ka koma da azahar a ce yana da baƙi. Ranar da na gaji na ce wa wani kurtu da ke kan teburin karɓar baƙi, "Malam, in Ogan nan aljani ne ku faɗa mini in zo da turare." Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya kuma shigar da ni. Amsa kuwa kusan ɗaya ce ko'ina: wiwi, sai sholisho wajen tasha. Ba ƙarya suka yi mini ba, abin da suke kamawa ke nan, wiwi kuma wari gare ta, ita ke kai ƙarar kanta. Na riƙa saka alama a akwati ina jin kaina wata babbar ma'aikaciya. A ganina a lokacin, 'yan maye wasu mutane ne can daban, masu jan ido da ƙazamin gashi, masu zama a kangon gini. Ban haɗa komai da su ba.

Da na gama da Gusau na shiga bas ta hanyar Funtua. Damina ta yi tsaka, gero ya wuce gwiwa, duwatsun Kwatarkwashi sun yi kore shar. A yankin Tsafe aka tura ni wani ƙaramin ofis a bakin titi, inda na tarar da wani Sajan dattijo, ya kusa ritaya, gashin bakinsa duk furfura, yana ɓantarar goro. Hausarsa ta gabas ce. Bai sa ni zaman benci ba, kujerarsa ma ya so ba ni.

Na buɗe takarda na ce, "Baba Sajan, wane abin maye ne ya fi damun ku a nan?"

Ya ce, "'Yata, wanda muke kamawa kike so, ko wanda ke cinye mutane?"

Na ce, "Au, dama biyu ne?"

Ya jawo durowa ya fito da wani gwangwani, ya cire murfi ya zazzage kaɗan a kan tebur. Ƙananan ƙwayoyi ne farare, kowace da tsaga a tsakiya, ba su kai ƙwayar wake ba.

Wallahi na san su kamar yadda na san gero.

A gidanmu maganin gajiya ake ce musu. Duk shekara ana yi mana gayya, wato maza na ƙauye su taru a gonar mutum ɗaya su nome masa ita da kiɗa, shi kuma nasa ciyarwa. Tun ina 'yar shekara tara, ranar jajiberin gayya Baba, Allah Ya jiƙansa, zai kawo maganin nan a ƙunshe ya ba Inna. Inna ta zuba mini a tasa in niƙa da bayan cokali, don an ce ni ce mai hannun da ba ya barin gaya. Da safe ta kaɗa garin cikin masakin kunun tsamiya, a kai gona. Maza su sha su duƙa, tun hantsi har la'asar ba mai ɗagowa, makaɗi ma sai ya roƙe su. Gayyarmu ta yi suna, ana cewa kunun Inna albarka gare shi. Ni kuwa har ƙafafa nake yi a cikin 'yammata, don da hannuna a ciki. Da Baba ya rasu, Yayana ya ci gaba da kawowa, shi har da gwangwaninsa yake saye.

Sajan bai san abin da ke kaina ba, yana ta bayani. Ya ce direbobin manyan motoci ke shigowa da ƙwayar, tana ƙarewa a teburin masu sayar da magani ranar kasuwa. "Mutum ya sha ya yi aikin mutum uku, ba yunwa ba barci. Ki ba shi shekara biyar, shida, ki gan shi ya koma kara. Wani zuciya ta tsaya masa a tsakiyar gona a ce maita ce. Wani ya fara zance shi kaɗai a ce iska ce. Ba mai kawo ƙara, don ba wanda ya ɗauke ta laifi. Manomi ne da sallarsa da iyalinsa, wa zai kira shi ɗan maye?"

Yana magana ina ganin Yayana. Da babbar Sallah na je gida na gan shi ya rame, wuyansa ya yi tsawo, yana cizon haƙora ko ba ya cin komai, abu kaɗan ya daka wa yara tsawa. Matarsa ta ja ni gefe ta ce in damina ta faɗi ba ya barci, kuma yanzu ba sai ranar gayya ba, kullum da safe sai ya haɗiyi biyu kafin ya ɗauki hauya. Ni mai karatun lafiya, me na ce mata? Cewa na yi ta riƙa dafa masa zogale. Ku ji fa! Wannan Yayan shi ya tsaya mini na yi karatu bayan rasuwar Baba, da gumin gonar nan.

Na daure na ce, "Baba Sajan, wanda aka kama da ita fa?"

Ya ce, "Mai guda biyu, uku, faɗa nake yi masa in kore shi. Amma wanda aka samu da gwangwani, dila ne a idon doka. Kuma mulkin soja ake, 'yata. In ya shiga gidan yari, ni ba ni da ikon fito da shi."

Na duba takardata sama da ƙasa, babu akwatin maganin gajiya. Waɗanda suka tsara ta ba su taɓa zuwa gayya ba. A gefen shafi na rubuta abin da ya faɗa. Dattijon ya dube ni ya ce, "Kin san ta ke nan." Na ce a makaranta aka nuna mana. Ya ce, "To." Ya ɓantaro goro ya miƙo mini, na karɓa ko da yake ba ci nake ba.

Ranar Alhamis na isa yankin Bungudu, kuma na riga na sami saƙo cewa gayyar maimai ta gidanmu, wato noma na biyu, ranar Asabar ce. Ofishin da aka tura ni ƙarami ne, mai riƙe da shi wani Sufeto ne matashi, bai daɗe da zuwa ba. Kakinsa ya sha guga, ga taswira ya manna a bango ya ja layuka da jan biro. Irin mutanen nan ne masu son aikinsu har su ba ka tsoro. Ya karanta takardar da kansa, ya saka alama a wiwi, ya tsaya a tambayar ƙarshe, wadda ta ce ko akwai wani abu da ake sha wanda ba a ambata ba.

Ya ce, "Mutanen nan manoma ne, ban ga suna da wata matsala ba. Amma na ji Hausarki ta nan ce. Ke 'yar ƙasa ce, Malama. In akwai abin da ban sani ba ki faɗa mini, zan yi maganinsa nan take."

Wannan "nan take" ita ta ɗaure mini harshe. A raina na hango motarsu a bakin gonarmu ranar Asabar, na hango Yaya da ankwa, ga gwangwani a hannun kurtu. Ni da aka ɗauka aiki don ba na tsoron kaki, na sunkuyar da kai na ce, "Babu, Yallaɓai."

Ya ce shi ba ya cika takarda da ka, in bar masa ita ya ƙara tambayar mutanensa, in dawo Litinin in karɓa. Na fito ina jin haushin kaina. An aike ni neman gaskiya, ga ta a bakina na haɗiye.

Na kwana gidan wata ƙawata a Bungudu, Juma'a da hantsi na hau kabu-kabu zuwa gida, taɓo har gwiwa. Na tarar da Inna a tsakar gida ta jiƙa tsamiya, ana tace gasara. Ta gan ni ta washe baki. Ko ruwa ban gama sha ba ta shiga ɗaki ta fito da tasa da cokali da gwangwani, ta ce, "Allah Ya kawo ki, Auta. Zo ki niƙa muna, tun da kika tafi ba a samu mai hannunki ba."

Na so in yi magana a hankali. Tun daga Tsafe nake shirya kalmomi masu taushi. Amma da na ga cokalin nan sai abin ya taso mini, na ce da ƙarfi, "Inna, kin san abin da kike ba mutane? Ƙwaya ce! Ƙwayar da ake ɗaure mutane a kanta!"

Matan da ke tace gasara suka tsaya cak. Inna ta ce, "Mi kic ce?"

Na maimaita, har da ƙari. Ta ce lallai boko ya yi rana, yau ita ake kira mai ba da ƙwaya a cikin gidanta. Ta shige ɗaki. Na bi ta na durƙusa, don na san na yi rashin kunya, na ba ta haƙuri, sannan na faɗa mata duk abin da Sajan ya ce, ban rage ba. Na ce ta dubi Yaya da kyau, ta tuna yadda yake shekara biyar baya. Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Mutumin nan da ya faɗi a gonar Babanku, aka ce iska ce, bai sake moruwa ba. Shi ma?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Allah kaɗai Ya sani."

Ta buɗe tafin hannunta tana kallo. Ta ce, "Da hannuna. Ni da ɗiyan mutane, ni da nawa." Ba ta yi kuka ba, Inna ba mai kuka ba ce. Ta ɗauki gwangwanin ta saka can ƙasan adudunta, ta jera kwanuka a kai. Matar Yaya, da ke laɓe bakin ƙofa tana ji, ta je ta lalubo waɗanda ke aljihun rigarsa ta kawo ba tare da an tambaye ta ba.

Da la'asar Yaya ya dawo daga gayyato mutane, aka faɗa masa. Ya tsaya tsakar gida yana huci. Ya ce, "Malama ta zo da boko ke nan. Ke kin san faɗin gonar nan? Duk garin na gayyato. In ba a gama ta a yini ba, da wane ido zan dubi mutane? A ce gayyar gidanmu ta kwana?"

Na ce, "Ta kwana mana! Ta shekara ma! Kai ka dubi kanka a madubi kuwa?"

Ya ce, "Da mi kike tsammani na yi noman da kika yi karatu da shi?"

Ba a taɓa faɗa mini maganar da ta yi mini zafi kamar wannan ba, don gaskiya ce. Na fashe da kuka, cikin kukan na ce masa Sufeto ya tambaye ni jiya-jiyan nan, na dubi idonsa na yi masa ƙarya saboda shi. Ya ce, "Koma ki faɗa mishi mana, wa ya riƙe ki?" Ya juya wajen Inna ya ce ta ba shi kayansa. Inna ta ce in ya isa ya shiga ɗakinta ya ɗauka. Ya yi tsaye, ya yi tsaye, ya buga ƙofar zaure ya fita.

Asabar da hantsi aka ɗauki masakan kunu zuwa gona. Inna, wadda tun da nake ban taɓa ganin ta taka gona ranar gayya ba, ta yafa mayafi ta bi bayan masu kaya, ni ma na bi ta. Maza sun yi zangon farko sun taru gindin ɗorawa, makaɗi yana gyara gangarsa. Ta tsaya nesa kaɗan ta gaishe su, ta yi musu sannu da aiki, sannan ta ce, "Kunun yau gero ne da tsamiya, ba komi ciki. Abin da nike zuba muku da, ban san cuta ba ne, ku yafe mini. Wanda ya gaji shi zauna shi huta, gona ba gudu za ta yi ba."

Wasu suka yi dariya, suna tsammanin wasa ne. Wasu suka dubi Yaya, shi kuma ya dubi hauyarsa. A fuskokinsu na gane da yawansu sun san abin da suke sha tun tuni, mu mata ne aka bari a duhu muna niƙa. Samari biyar ko shida suka shanye kunu suka saɓa hauya suka yi gaba, ɗaya har yana cewa shi bai zo wahalar banza ba. Na buɗe baki zan ba shi amsa Inna ta take mini ƙafa.

Sauran suka koma aiki. Kafin azahar abin ya bayyana. Makaɗi yana ta kirari, har muryarsa ta dushe, amma bayan mutane ya ƙi. Wannan ya miƙe ya riƙe ƙugu, wancan ya nemi inuwa. Wani tsoho abokin Baba, da ya fi kowa shekaru a wurin, ya zauna yana fifita da malafa ya ce, "To mi ne abin kunya? Mu da muna samari gayya kwana biyu muke yin ta, a ci a sha a yi barci. Abin nan ne ya zo ya maishe mu injin." Da la'asar aka tashi, rabin gona da ciyawarta.

Yaya shi kaɗai ya ƙi tashi. Na tsaya daga nesa ina kallonsa yana sara, gumi ya jiƙe shi sharkaf, sai ya kai sara ya kuskure. Tausayinsa ya kama ni har na ji da ma na niƙa ɗin. Daga baya ya jefar da hauyar, ya ja ƙafa zuwa gida, ya faɗi kan tabarma a zaure ko wanka bai yi ba.

Barci ya yi, irin wanda ban taɓa gani ba. Sai an girgiza shi ya yi salla ya koma. Lahadi da safe matarsa ta so ta tashe shi, Inna ta ce wanda ya taɓa shi da ita zai yi. Muna nan sai ga sallama a ƙofar gida: tsohon nan ne abokin Baba, da mutum goma sha wani abu a bayansa, ba kiɗa ba gayyata. Ya ce a faɗa wa Inna ta dama irin na jiya, za su je su ƙarasa. Inna ta hau dama kunu tana ta yi musu addu'a, ni ina hura wuta ina share hawaye ina cewa hayaƙi ne. Yaya bai farka sosai ba sai da rana ta yi sanyi. Ya tafi gona da sauri, kunya ta ishe shi, mai gayya yana barci ana yi masa noma. Ya tarar saura 'yan kuyyoyi. Ya juyo gida.

Litinin da safe ina shirin komawa Bungudu karɓar takardata, ya tsaya ƙofar ɗakin Inna ya ce ta ba shi gwangwanin. Inna ta dube shi ta daɗe, sannan ta shiga ta kwashe kwanukan ta ɗauko ta ba shi. Na ce, "Inna!" Ta ce in yi mata shiru. Ya saka shi a aljihun babbar riga, ya tayar da tsohon babur ɗinsa, ya ce mini, "Ke, hau in kai ki."

Muka kama hanyar Bungudu. Da muka isa ofishin na ce ya jira ni a waje. Na shiga na gaida Sufeto, ya ɗauko takardar ya ce ya tambaya bai samu wani sabon abu ba, tambayar ƙarshe tana nan ba komai. Sai na ji sallama a bayana. Yaya ne, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci. Ya zo ya ajiye gwangwanin a kan tebur.

Ya ce, "Yallaɓai, ƙanwata ta ce maka babu. Ni ta rufa wa asiri. Ga shi nan."

Na ce, "Yallaɓai, don Allah ka saurare ni," ya ɗaga mini hannu. Ya buɗe murfin ya duba, ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya dubi Yaya tun daga sama har ƙasa.

"Sayarwa kake yi?"

"Sha nike, in ba masu yi mini noma."

"Wa ya kama ka?"

"Ba kowa. Inna ce ta hana."

Sufeto ya ƙwala wa kurtu kira. Na ce a raina shi ke nan, ankwa ce, na kashe ɗan'uwana da bakina. Kurtu ya shigo ya ƙame. Sufeto ya ce, "Kawo wa bawan Allahn nan kujera." Ya juya takardar zuwa shafin ƙarshe, ya cire murfin biro, ya ce wa Yaya, "Wata huɗu ina zaune a nan ban san da wannan ba. Fara mini daga farko."

Yaya ya fara. Yadda ake saye, lokacin da aka fi sha, yadda mutum ke farawa da rabi ya kai huɗu, yadda ƙirji ke bugawa in an kwanta. Gurbin amsar layi uku ne, Sufeto ya cika shi ya juya bayan takarda, ya cika, na ba shi wata. Da aka zo kan kunu ya ce, "Wa ke niƙawa?" Yaya ya ce, "Mata ne dai, ba su san komi ba." Na ce, "Ni ce, Yallaɓai. Tun ina 'yar shekara tara." Ya dube ni ya girgiza kai, ya ce to ni ma in jawo benci in faɗi nawa.

Sai azahar muka gama. Ya kulle gwangwanin a durowa, ya ce wa Yaya mutumin da ya kawo kansa da ƙafarsa shi ba zai rufe shi ba, amma da sharaɗi: ya je asibiti a duba ƙirjinsa, kuma ranar kasuwa ya zo su zagaya tare ya yi wa manoma bayani da bakinsa, don in shi mai kaki ya faɗa gudu za su yi. Yaya ya ce ya yarda.

Ba zan ce daga ranar ya bari ba, ƙarya ke nan. Damina biyu ya yi yana faɗuwa yana tashi, mun yi faɗa da shi ba adadi. Amma ya bari, yana nan da ransa, har tumbi ya ajiye, jikokinsa na hawa kansa. Hajiyar ofishinmu kuma da ta karanta bayan takardun nan ta sa aka ƙara akwati ɗaya a tambayoyin kafin a tura wasu yankunan.

A ranar dai, da muka fito, Yaya ya je zai tayar da babur ƙafarsa ta ƙi. Ya zame ya zauna a ƙasa gefen taya, ya rufe fuska da hula yana wata irin dariya. Ashe duk tsayuwar nan da ya yi a gaban Sufeto a tsorace yake, ya ce har ya yi wa matarsa sallama tun a gida, ya nuna mata inda takardar gona take. Na ce, "Amma kai dai anya kana da hankali? Da ya rufe ka fa?" Ya ce, "Da kin kawo mini tuwo." Sannan ya ɗago ya dube ni kamar mai jin kunya, ya ce, "Auta, yunwa nike ji."

Akwai wata mai shinkafa da wake a tsallaken titi. Na ja shi muka je, aka zuba masa kwano ya cinye, ya miƙa aka ƙara, ya suɗe hannu ya ce ko da saura a tukunya. Na zauna kan benci ina kallonsa yana ci, ina kuka ina yi masa masifa, mai abincin tana ta ba ni haƙuri ba ta san a kan me ba.